Gyambon Wahabu Mai Wankin Hula

Idan kana neman mutumin da ladabi ya kusa raba shi da ƙafarsa, kada ka wahalar da kanka da yawo, je ka unguwar Umarari a Maiduguri ka tambayi shagon Wahabu mai wankin hula. Abdulwahab ne sunan da aka raɗa masa, amma ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuna. Dogo ne siriri, ya ba hamsin baya, kullum yana tafiya a ɗan sunkuye. Ba ciwon baya ba ne, kawai dai bai san kwanar da zai sha ya yi kiciɓis da babba ba, shi ya sa yake fitowa a shirye. Mutum ne da in dattijo ya kira shi a waya, sai ya tuɓe takalmi ya tsuguna kafin ya ce na'am. An sha gaya masa cewa mai kiran fa ba ganinsa yake ba. Ya ce ai shi yana ganin kansa.

Asalinsa mutumin Gaya ne. Ya zo Maiduguri yana saurayi a bayan motar kaya, wai Baga za shi ya koyi sana'ar kifi. Har yau bai san ƙofar Baga ba. Zazzaɓi ne ya kayar da shi a tasha, wani Babarbare mai wankin hula da ake kira Ba'ana ya gan shi yana karkarwa a gindin darbejiya, ya ɗauke shi ya kai gida, ya ba shi kunu da magani. Da ya warke bai ce ya tafi ba, bai kuma ce ya zauna ba, burushi kawai ya miƙa masa. Ba'ana ne ya koya masa yadda ake jiƙa hular zanna ba tare da zarenta ya zuba ba, da yadda ake sa mata ƙaro ta tsaya ƙyam, da yadda ake ɗora ta a kan katako a shanya. Bayan wasu shekaru ya sakar masa shagon, sannan ya ba shi auren Gumsu, 'yar ƙaninsa, wadda da aka tambaye ta ta ce tana so, ko ba komai wannan ba zai taɓa ɗaga mata murya ba. Gaskiyarta kuwa. Ita take ɗaga masa.

To ka ga Ba'ana ya zama ubangida, ya zama uba, ya zama suruki, duk a jikin mutum ɗaya. Ko marar kunya ne ya haɗu da irin wannan sai ya sassauta, balle Wahabu. Tsohon ya daɗe da barin aiki, amma bai bar shago ba. Kowace safiya sai ya zo ya shimfiɗa buzunsa a kusurwa, ya zauna da carbi, yana kallon titi yana kushe wankin da ba shi ya yi ba. Shi kuwa Wahabu yana tsaye a bakin teburi daga hantsi har la'asar sakaliya. Akwai benci a shagon, amma na baƙi ne. Ta yaya Baba yana ƙasa a kan buzu shi zai ɗare benci?

Shekara da shekaru ana haka. Ƙafa kuwa ba icce ba ce. Jijiyoyin sha-raɓarsa ta hagu suka fito suka murɗe kamar igiyar guga, in yamma ta yi idon sawun ya kumbura har takalmi ya yi masa shaida, fatar wurin ta yi baƙi tana ƙaiƙayi. Da safe kumburin ya saɓe, sai ya ce ai ga shi nan, gajiya ce.

Sai aka yi ambaliya. Gidan Ba'ana a Gwange yake, ruwa kuwa ya ci Gwange. Da gari ya waye Wahabu ya naɗe wando ya shiga, ruwa har ƙirji, ya tarar da tsohon a kan katanga riƙe da buta, yana faɗa wai an daɗe ba a zo ba. Ya goyo shi a baya har tudu, yana tafiya yana ba shi haƙuri saboda juya masa bayan da ya yi. A cikin ruwan nan wani kwanon rufi ya karce shi a saman idon sawu. Ɗan karce ne, ko jini bai yi na kirki ba. Gidan Gwange ya rushe, Ba'ana ya dawo Umarari ya tare a ɗakin zaure na gidan Wahabu, karcen nan kuma ya tare a ƙafa. Duk su biyun ba wanda ya sa ranar tafiya.

Karce ya zama miki, miki ya buɗe baki ya zama gyambo. Nan fa masu magani suka taso, don a garin nan ba wanda ba likita ba ne in dai ciwon a jikin wani yake. Wani alhaji da ya kawo huluna ya ce a fasa kafso a barbaɗa, Wahabu ya barbaɗa. Wani dattijo ya ce zuma, ya shafa. Wani tsohon direba ya ce man birki, shi da idonsa ya ga ya warkar da jaki. Wahabu ya san shi ba jaki ba ne, amma mutumin ya girme shi, saboda haka ya ɗiga man birki ya ciji leɓe ya ce an gode. Ƙa'idarsa ɗaya ce, in wanda ya faɗi maganin yana da furfura, to maganin ya wajaba. Akwai ranar da magani uku suka kwana a ciwon nan, kowanne da dattijonsa.

Gumsu tana haɗa turaren wuta tana sayarwa a gida, turarenta kuwa har GRA ake aikowa a saya. Ita ce ta fara gajiya. Wata safiya ta dire kasko a gabansa ta ce, "Malam, wallahi turarena bai taɓa jin kunya ba sai a kan ƙafarka. Na ƙona na amare, na ƙona na matan manya, warin nan ko gezau. Yau za mu asibiti."

Ya ce, "To wa zai zauna da Baba a shago?"

Ta ce, "Baba ya zauna a kan katanga cikin ambaliya bai mutu ba. Tashi."

A ɗakin wanke ciwo suka sami wata nas mai suna Ketura, 'yar kudancin Borno, gajeruwa mai ƙiba, wadda ba ta da lokacin doguwar gaisuwa. Wahabu ya fara tambayar gida da yara da gajiya, ta ce duk suna lafiya, ya hau gado. Da ta warware tsumman da ya ɗaure ciwon da shi sai ta dube shi, ta dubi Gumsu.

Ta ce, "Baba, gareji ka kai ƙafar nan ko kicin?"

Aka gwada shi, ba ciwon suga. Likita ya zo ya taɓa bayan ƙafar ya ji jini na bugawa, ya ce to da sauƙi, ya yi rubutu ya wuce. Ketura ce ta zauna ta wanke, ta kuma yi masa bayani yadda zai gane. Ta ce jininsa yana sauka ƙafa lafiya lau, hawowa ce take gagararsa, don jijiyoyin da ke maido shi sun saki saboda tsayuwa. Ta ce ya taɓa ganin kwata ta toshe ruwa ya kwanta? To haka ƙafarsa take, kuma ciwo ba ya warkewa a kan kwantaccen ruwa. Ta naɗe ƙafar da bandeji tamau tun daga yatsu har ƙasan gwiwa.

Ta ce, "Wannan nawa aikin ke nan. Naka shi ne ka daina ƙamewa wuri ɗaya. Ka riƙa tattakawa, sannan da rana ka riƙa kwanciya kana ɗaga ƙafar sama, ta fi ƙirjinka tsawo. Ba sau ɗaya ba. In ba ka yi ba, ciwon nan ƙasa zai yi ta ci, in kuwa ya kai ƙashi wata magana za a yi, ba kuma ni zan yi ta ba, masu wuƙa ne."

Wahabu ya ce, "Da rana, 'yata?"

"Da rana."

"A gaban mutane?"

Ta ce, "A gaban duk wanda Allah ya kawo."

Sai ka san shagon kafin ka ga laifinsa, ko da yake ni na gani kuma har yanzu ina ganin laifinsa. Shagon siriri ne, ƙofarsa tana kallon kudu, bencin yana kwance gabas da yamma. In ya kwanta ya miƙa ƙafa gabas, ya miƙe wa alƙibla. In ya juya ya miƙa yamma, tafin ƙafarsa yana saitin gemun Ba'ana. Ya gwada kwanciya a ƙasa ya jingina ƙafar da bangon arewa, sai ya ɗaga ido ya ga kantar hulunan mutane a saman yatsunsa, hulunan da gobe za su hau kan limamai da alhazai, ya yi maza ya sauke yana istigfari. Kudu kuwa titi ne, ba ka san wanda zai wuce ba. Allah ya yi wa duniya kusurwa huɗu, Wahabu ya duba duka bai sami inda zai ajiye ƙafa ɗaya ba.

Gida fa? In ya taho gida da rana tsohon zai biyo shi ya zauna a tsakar gida, kuma ba a taɓa yin surukin da zai shige ɗaki ya miƙe da rana tsaka babba yana waje a zaune ba. In ma an taɓa yi, ba a Gaya aka haife shi ba.

Sai ya koma dabara. Bayan azahar Ba'ana yakan yi gyangyaɗi, carbi ya zame daga hannunsa. Da Wahabu ya ga haka sai ya lallaɓa ya kwanta a bencin, ya ɗora ƙafar a kan bokiti da aka kife, ya lulluɓe ta da buhu don kada ta yi tsirara a gaban babba. Amma barcin tsoho ba barci ba ne. Ƙuda ya gifta, Ba'ana ya ce "Uhm," kafin ya buɗe ido Wahabu yana tsaye da burushi a hannu, bokiti yana gangarawa titi. Wani lokacin ma tsohon bai farka ba, tari kawai ya yi, an riga an miƙe.

Duk ranar wankin ciwo Ketura takan duba bakin ciwon ta tambaye shi, "Baba, kana ɗagawa?" Wahabu ba ya ƙarya, saboda haka yakan ce, "Ana ƙoƙari." Ciwon da ya zo da shi kamar murfin gwangwanin madara ya kai faɗin tafin hannu, ya fara zurfi, yana tsiyayar ruwa har bandejin ya jiƙe kafin yamma. Ranar da ta gaji ta ajiye almakashi ta ce, "Baba, gaya mini gaskiya, wa kake tsoro?" Ya ce ba tsoro ba ne. Gumsu ce ta fasa ƙwan, ta kwashe labarin benci da alƙibla da buhu ta zayyana. Ketura ta buɗe baki za ta yi dariya, sai ta sake duban ciwon, dariyar ta koma.

Ta ce, "Ni ma ina da surukai, ina durƙusa musu. Amma sai kana da gwiwa kake durƙuso, Baba. Ka je ka yi tunani."

A hanyar gida, cikin Keke Napep, ya roƙi Gumsu da girman Allah kada ta gaya wa Baba. Ba ya so tsohon ya ji cewa zamansa ne ya hana ciwo warkewa, ba ya kuma so ya tuna a inda aka samo ciwon. Gumsu ta ce to. Suna isa ta ajiye mayafi ta wuce ɗakin zaure, ta daɗe tana magana da Barbarci, harshen da Wahabu ya shekara talatin yana ji amma in an yi sauri sai ya tsinci sunansa kawai. Ya tsinci sunansa da yawa a ranar.

Washegari Ba'ana ya shimfiɗa buzu kamar kullum, ya ja carbi zagaye ɗaya, sannan ya ce, "Wahabu."

"Na'am, Baba." Ya riga ya tsuguna.

"Kwanta a bencin nan. Ɗaga ƙafar."

Nan duniya ta yi wa Wahabu zafi. Tun da yake bai taɓa ƙin umarnin mutumin nan ba, bai kuma taɓa nuna masa tafin ƙafa ba, yau ga shi an ce sai ya zaɓi ɗaya. Ya je ya zauna a gefen bencin, ɗuwawu rabi a sama. Ya kama gwiwar da hannu biyu ya ɗaga ƙafar daga ƙasa kamar kaurin yatsa. Ya riƙe ta a nan yana gumi.

Ba'ana ya ce, "Ita ke nan?"

"Ta ɗagu, Baba."

"Kaza ma in za ta taka ƙasa ta fi ka ɗagawa."

Tsohon ya juya ya fuskanci bango, ya ce to ga shi ba ya kallo. Wahabu ya ce ai miƙe wa babba ƙafa ta bayansa ya fi muni, kamar cin amana ne. Ba'ana ya yi tsaki, ya kwanta da kansa a kan buzun, ya ɗaga tasa busasshiyar ƙafar ya jingina da bango, ya ce to sun zama ɗaya, saura shi. Wahabu ya miƙe zumbur ya tsaya a bakin ƙofa ya tare da jikinsa, don kada masu wucewa su ga Baba a haka. A tsaye ya wuni ranar, ya fi kullum.

Da yamma suka koma gida tare. Da suka isa ƙofa Ba'ana ya tsaya ya dubi bandejin da ya jiƙe ya yi rawaya, ya daɗe yana dubawa.

Ya ce, "A ruwa ka samo shi, ko? Ranar da ka goyo ni."

"Ƙaddara ce, Baba."

"Na san ƙaddara ce. Na ce a ruwa ne?"

Wahabu ya sunkuyar da kai.

Da safe ya fito zai kai wa tsohon ruwan alwala na walaha da kunu, sai ya tarar da Keke a ƙofar gida, an ɗora buzu da buta da 'yar jakar kaya. Ba'ana yana zaune a ciki ya harɗe. Ya ce zai koma unguwar Mairi wurin 'yarsa Yagana, don miyar Gumsu gishiri ya yi mata yawa. Gumsu, wadda a kan miyarta tana iya faɗa da unguwa guda, ta tsaya a zaure tana goge ido da bakin zane.

Wahabu ya zube a gaban Keken ya ce, "Baba, in laifi na yi a yafe mini."

"Laifi ka yi. Saurara da kyau, don umarni zan ba ka, kuma wannan kana iyawa. Kada ka tako Mairi. Kada ka zo gaishe ni, ko Juma'a, ko Sallah. Kada ka kira ni a waya, na san tsugunawa kake yi. Ranar da ciwon nan ya rufe, ka zo. In ka zo da shi a buɗe ban yafe ba."

Ya taɓa kafaɗar mai Keke suka tafi. Wahabu ya bi su da kallo a tsugune har suka sha kwana, sai da Gumsu ta kama shi ya iya tashi.

Kada ka ɗauka daga nan komai ya tafi daidai. Makon farko bai iya miƙa ƙafa wajen kusurwar nan ba, ko da yake ba kowa a wurin sai shacin buzu a siminti. Sai da Gumsu ta zo ta jibge buhunan gawayinta a kusurwar, ta ce to ga wanda zai miƙe wa, gawayi ba shi da furfura. Daga nan ya fara. Ya sa kafinta ya rage wa teburin ƙafa, ya koma wanki a zaune. In ya ɗora huluna a katako ya shanya, sai ya ɗan taka zuwa bakin titi ya dawo, ya kwanta a benci ya ɗora ƙafar a kan bokiti. Masu kawo wanki suka saba da gaisawa da tafin ƙafa kafin su ga fuska. Duk wanda ya shigo sai Wahabu ya ba shi haƙuri, har da wanda ya zo tambayar hanya. Dattawa masu magani ba su fasa ba, amma yanzu ya sami mafaka, yakan ce Baba ya hana. Baba bai hana wannan ba, sai dai Wahabu ya lissafa cewa da an tambaye shi da ya hana.

Shagon ya yi masa faɗi. Ba mai cewa ƙaro ya yi yawa, ba mai cewa a zamaninsu hula in an wanke ta tana iya tsayawa da kanta ta yi sallama. Yakan gama goge hula mai kyau ya juya zai nuna, sai ya ga gawayi. Kewa ta dame shi ƙwarai, bai kuma ɓoye ba, ya gaya wa Gumsu cewa shi ciwon ƙafar ya fi masa sauƙi a kan wannan.

Ita ce 'yar aike. Duk Juma'a takan je Mairi da tuwo, ta dawo da tambaya ɗaya: ya kai yaya? Wahabu ya aika cewa ya dawo kamar murfin gwangwani. Aka jima ya aika cewa kamar murfin kwalba. Amsar Ba'ana ba ta canzawa: "Da saura." In ya tambaye ta jikin Baba sai ta ce da sauƙi, ta shiga neman wani abu a cikin jaka. Damina ta wuce, aka yi Sallah, ya yi wanka ya sa sababbin kaya ya zauna a gida kamar mai takaba. Ketura ta daina yi masa faɗa, har ta fara amsa gaisuwarsa zuwa ƙarshe, da yara da gajiya da komai.

Ranar da ta warware bandeji ta ga fata ta haɗe, sabuwa, ja-ja, mai sheƙi, ta danna gefen da yatsa ta ce, "Ya rufe." Ta ba shi wata doguwar safa mai matsewa, ta ce wannan shi da ita har abada, kuma ɗaga ƙafa ba a gama ba, don irin wannan ciwon yana son komowa inda ya saba. Wahabu ya ce ya ji. Rabin hankalinsa ya riga ya kai Mairi.

A cikin Keke ne Gumsu ta gaya masa. Ta ce Baba ya daɗe a kwance, tun kafin Sallah ba ya tashi, idon ma ya tafi sai dai inuwa. Shi ya hana a faɗa, ya ce in Wahabu ya ji zai zo ya tsaya masa a kai dare da rana, aikin ya ɓaci. Wahabu ya dube ta, a karo na farko a zamansu ya ji yana so ya ɗaga mata murya. Ya buɗe baki, muryar ba ta san hanya ba.

Yagana ta shigar da su. Ɗakin yana warin magani, tsohon yana kan gado ya ƙanƙance, kamar an wanke shi ya shige. Wahabu ya tuɓe takalmi tun daga tsakar gida, ya shigo da rarrafe, ya durƙusa a gaban gadon.

"Baba, ni ne."

"Wa ya ce ka zo?"

"Ya rufe, Baba."

"Haka ka ce. Kai da za ka ce wa mai man birki an gode, maganarka zan kama? Mu gani."

Wahabu ya naɗe wando ya zare safar, ya matso da ƙafar jikin gadon, a ƙasa. Ba'ana ya juyo da kai, ya lalubo da hannu, hannun bai wuce bakin katifa ba. Ya yi ƙoƙarin ɗagowa, ƙirjin ya ƙi. Yagana ta matso za ta tallafe shi, ya ture ta.

Ya ce, "Ba na gani, ba na tashi. Miƙo ta nan."

Wahabu ya dubi Gumsu, Gumsu ta dubi rufin ɗaki. Ba wanda zai cece shi. Ya zauna daɓas a ƙasa, ya jingina da hannu biyu ta baya, ya ce, "Baba, a gafarce ni." Sannan ya ɗaga ƙafar, ta wuce bakin gado, ta wuce katifa, ya ɗora diddigen a kan ƙirjin tsohon, tafin yana daf da gemu.

Ba'ana ya kama ta da hannu biyu. Ya bi ƙwaurin da babban yatsa a hankali, irin bin da yake yi wa hula in yana neman inda zare ya tashi, har ya isa tabon. Ya zagaye shi, ya danna tsakiya, ya sake zagayewa. Ba ruwa, ba rami. Hawaye ya gangaro masa ta gefen ido ya shige kunne. Wahabu kuwa kuka yake yi sosai, da sauti, kamar yaro, bai ma nemi ɓoyewa ba.

Tsohon ya ce, "To, ya rufe. Sauke mana, marar kunya."

Wahabu ya ja ƙafar zai sauke. Ba'ana bai saki ba.